An Ce Baƙina Ciwo Ne

Masu turo mini saƙo kuna cewa "Ihsan, Allah ya ba ki ɗan ƙungiyar agaji mai mota, ki riƙe shi hannu bibbiyu," na gode, Allah ya bar zumunci. Yau ku gyara zama ku ji abin da hannu bibbiyun ya riƙo mini. Wanda kuma yau ya fara karanta ni, sunana Ihsan, gidanmu na Alkalawa a Jimeta, ina ajin ƙarshe a sashen Biochemistry a jami'ar da ke Girei. Bayan ƙaramar salla iyayen Mu'tasim maza suka zo suka nema masa aurena, aka ba su. Sannan ni baƙa ce. Ku riƙe wannan da kyau, don duk labarin yau a kansa ya tsaya. Baƙa irin ta marigayi Babana, wadda in na shafa man kaɗe na fito rana sai na yi sheƙi, kuma ban taɓa kallon madubi na nemi afuwar kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi ina tsakar gida ina baza zoɓo a kan faranti. Shi ne aikin bincikena na kammala makaranta, ina auna ƙarfin antioxidant ɗin da ke cikinsa. Sai ga Goggo Na'inna, ƙanwar Babana, ta faɗo gidan da leshi ruwan goro da ɗauri ya kai bango, tana fifita da gefen mayafi. Goggo ba ta shigowa gidan mutum da hantsi sai da magana a bakinta.

"Ina uwar amarya? Fito, abin arziki ya same mu!"

Umma ta fito daga kicin hannunta duk garin kuka. Goggo ko zama ba ta yi ba ta fara zazzagewa. Wai Adda Zuhra, yayar Mu'tasim mai shagon gyaran jiki, ta kira ta da kanta, ta ce ta ɗauke mana gyaran amarya gaba ɗaya. Dilka, halawa, turare, har da na zamani.

"Wane ne na zamanin, Goggo?" na tambaya.

"Ƙarin ruwa ne. Guluta. Yana wanke wannan abin, firi radikal. Ke da kike karatunsa ai kin fi ni sani."

Umma ta ɗaga hannu sama tana ta hamdala. Ni kuwa na ci gaba da baza zoɓona, don na san ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka yi baikon nan Adda Zuhra ba ta taɓa amsa gaisuwata a waya da abin da ya wuce ɗan hoton babban yatsa ba. Yau kuma ita ce har da kyauta.

Bayan azahar Goggo ta sa ni gaba muka hau keke. Na sa doguwar riga ta atamfa shuɗiya da farin hijabi, ban shafa komai a fuska ba sai kwalli. Shagon yana saman bene, labule ruwan hoda, sanyin AC kamar ba a Jimeta kake ba. Mata uku na kwance a kan gadajen roba, kowacce da allura a hannu da robar ruwa rataye a kanta, suna danna waya da ɗaya hannun. Ɗaya ma bidiyo take ɗaukar kanta. Na duba hagu na duba dama, ban ga likita ba, ban ga ko nas ba. Wata budurwa ce mai dogayen farce take zagayawa tana murɗa robobin.

Adda Zuhra ta fito tana ƙamshi, fuska tas kamar an ɓare ƙwai, baƙaƙen gaɓoɓin yatsu kuma suna ba da labarin asalinta. Ta rungume ni ta gefe. Ta zaunar da ni gaban wata fitila mai zagaye, ta kama haɓata tana juya fuskata kamar mai sayen tunkiya.

"Kai, kai, kai. Goggo, kin gani? Wannan duk damage ne. Free radicals sun yi mata yawa. Ba ku ne kuka gudo daga Mubi ba lokacin nan? To ai shi ne. Ranar da ta sha a daji, da wahala, da tashin hankali, duk sun taru a fata. Wannan ba kalarta ba ce, ciwo ne. In muka sa mata antioxidant, asalin kalar zai fito."

Goggo tana gyaɗa kai tana "Allah sarki, ashe ciwo ne."

Jama'a, kun ji fa. Ina 'yar firamare 'yan ta'adda suka shiga Mubi. Da ƙafa muka bi daji ta wajen Maiha, Baba yana goye da ƙanwata, Umma da ƙullin kaya a ka, ni da takalmi ƙafa ɗaya. Abin da muka gani a hanyar nan ba na wannan shafin ba ne. Amma baƙa na shiga dajin, baƙa na fito. Hoton sunana ma yana nan, jaririya baƙa wuluk a hannun Goggon da take gyaɗa kai yanzu. Mace ta ɗauki ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarmu ta mayar da ita tallar shago. Raina ya ɓaci matuƙa.

Bari in faɗa muku abin nan a sauƙaƙe, don na san rabinku an taɓa tsorata ku da shi. Kun ga yadda yankakken dankali yake yin duhu in ya sha iska, ko ƙusa ta yi tsatsa? To irin wannan aikin yana faruwa a jikin mutum. Duk numfashin da kika ja, duk abincin da jiki ya ƙona, ana samun wasu ƙananan abubuwa marasa natsuwa da suke fizgar abin da ba nasu ba daga ƙwayoyin jiki. Su ne free radicals. Hayaƙin taba, hayaƙin janareta, man suya da aka maimaita har ya yi baƙi, zafin rana, duk suna ƙara su, kuma in suka yi yawa suna da hannu a tsufa da wasu cututtuka. Amma ba aljanu ba ne. Da su ma sojojin jini suke kashe ƙwayoyin cuta. Shi kuwa antioxidant shi ne mai kwantar musu da hankali, kuma jiki yana ƙera nasa, glutathione ɗin nan da suke kira guluta hantarki tana yin sa kullum ba tare da kin biya kowa ba. Sauran kuma yana cikin zogale, da kuka, da tumatir, da goba, da zoɓon da na baro a faranti. Abin dariyar ma, baƙin fata shi ne laimar da Allah ya yi wa mutum don rage ɓarnar rana. Wato laimar za a cire mini da sunan maganin rana.

Ban yi mata wannan dogon karatu ba, don ba a kai wa mai shago wa'azi a shagonsa. Tambaya kawai na yi.

"Adda, wane likita ne yake rubuta yawan da za a sa wa mutum?"

"Mun yi training a kai."

"Ana duba ƙoda da hanta kafin a fara?"

"Ƙoda kuma? Vitamin ne fa, Ihsan. Natural ne."

"In jikin mutum ya ƙi shi, numfashi ya sarƙe, me kuke da shi a nan?"

Matar da take ɗaukar bidiyo ta sauke wayarta tana kallonmu. Goggo ta mintsine ni a cinya har sai da na ji a ƙwaƙwalwa. Adda Zuhra ta yi murmushin da bai kai ido ba.

"Matsalar 'yan jami'a ke nan. Ke, ba ni na ce ina so ba. Taimakon ƙanina nake yi. Dada ta dawo daga Abuja, kuma ga abin da ta sani."

Ta danna wayarta ta miƙo mini. Dada ita ce mahaifiyarsu. Tun kafin maganar aurenmu ta taso tana Abuja wurin babban ɗanta ana mata aikin gwiwa, ba ta taɓa ganina ba. Na karɓi wayar. Hotona ne, wanda Mu'tasim ya ɗauke ni a bakin ƙofar makaranta da jan gyale. Gyalen nawa ne, hancin nawa ne, wushiryar tawa ce. Amma yarinyar da ke cikin hoton fara ce sol. Da farko ma na ɗauka Jannat ce, ƙanwata, don ni da ita kamar an tsaga kara muke, sai dai ita ta ɗauko hasken Umma.

"Wa ya yi wannan?"

"Shi mana. Dada ta ce a turo mata hoto, ya ɗan gyara. To yanzu ya za a yi? Sai mu bi hoton. In kika fara yau, kafin lefe kin kusa kamo shi."

Na ajiye mata wayar a kan tebur a hankali, don in na riƙe ta daƙiƙa ɗaya a kan haka sai ta sayi sabuwa. Na ce mata na gode. Na sauko daga benen Goggo na biye da ni tana faɗa tun daga matakala har cikin keke, har mai keken ya sa baki yana ba ta haƙuri.

A gida ne abin ya yi mini nauyi. Goggo ta gama zazzage wa Umma komai ta tafi fuu, ko ruwa ba ta sha ba. Umma ta kira ni ɗaki, ta zauna a bakin gado tana murza carbi.

"Ihsan, ruwa ne fa kawai. Ni ma an sa mini ruwa da na yi taifot."

"Umma, wannan ba irinsa ba ne. Babu wanda ya tabbatar yana da lafiya a jijiya don canza fata. Akwai waɗanda ƙodarsu ta taɓu, akwai waɗanda fatarsu ta saɓule. Kuma da an daina, kalar ta dawo. Sai in yi ta yi har yaushe?"

"To ki yi kaɗan. A wuce wurin."

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Kin san me ake kiranmu a layin nan har yau? Gidan 'yan gudun hijira. Mun fi shekara goma a nan, yara in za su yi kwatance haka suke cewa. Yau gida mai suna a cikin Yola ya zo neman 'yata, na fara ɗaga kai a gidan biki. Ke kuma za ki tsaya kina wa yayar miji jarrabawa."

Wallahi Umma ta ba ni tausayi, kuma ta ba ni haushi, duka a lokaci guda. Matar nan ta yi wankau, ta sayar da awara, ta biya mini kuɗin makaranta har na san abin da na sani. Yanzu sanin ne ya zama rashin kunya. Na so in ce mata shagon Baba ya ƙone, gidanmu na Mubi an kwashe har ƙyaure, shi kansa Baban hawan jini ya ɗauke shi bayan mun iso, abin da ya rage mini nasa a jikina yake. Ban faɗa ba, don na san kuka za ta yi. Na ce mata zan yi magana da Mu'tasim.

Ko da na ɗauko waya, saƙonninsa sun riga ni.

"Baby, Adda ta kira ni."

"Ba yadda kike tunani ba ne."

"Ki ɗauka please."

Har da ɗan hoton fuska mai hawaye. Na rubuta masa: "Ka zo bayan la'asar. Ka taho da fuskarka ta gaskiya, ni ma da tawa zan fito."

Ya zo cikin farar shadda da hula zanna, ya faka motar ofis a ƙofar gida yadda duk layin zai gani. Ya shigo zaure da leda cike da lemo, da kankana, da inabi. Ya ajiye a gabana yana murmushi, wai ga antioxidant na halak ya kawo mini. Da can irin wannan zolayar take sa ni dariya, don da ita ya sace ni tun ranar da muka haɗu a wurin rabon kayan abinci a sansanin 'yan gudun hijira na Damare, ina aikin sa kai. Ban ɓoye muku ba, ina son mutumin nan. Shi ya sa abin ya yi ciwo.

"Mu'tasim, me ka tura wa Dada?"

Ya lura ban ce masa Hamma ba, yadda na saba. Ya cire hula ya shafa kai.

"Ki fahimce ni. Tana kwance a asibiti, jininta ya hau, ta tambaye ni a waya, fara ce? Kin san tsofaffinmu. Na ce eh don kada a ja magana. Da ta ce hoto, sai na danna filta sau ɗaya. Sau ɗaya fa, Ihsan."

"Sau ɗayan ne ya kai ni gadon Adda."

"Ni wallahi a haka nake son ki. Kin sani."

"A zaure kake so na a haka. A ɗakin Dada fa?"

"Ki ba ni lokaci. In kika ɗan yi ko kaɗan ne, ya zama bambancin bai yi yawa ba, sai a ce hasken kyamara ne. Bayan biki ki daina. Ai ke kika ce mini antioxidant yana da amfani."

"A miya na ce. Ban ce a jijiya ba."

Ku duba mini mutumin nan. Aikinsa ke nan shiga ƙauyuka yana tara mata a ƙarƙashin bishiya yana koya musu cin ganye da wake don lafiyar yara. Ya san komai. Ya fi son a huda mini jijiya a saman bene da ya buɗe baki ya ce wa mahaifiyarsa, na yi miki ƙarya. Namiji har namiji, ga gemu an gyara shi tsaf, amma kalma huɗu ta gagare shi.

Na ce masa ranar Juma'a zan je duba Dada da jiki, kamar yadda ya kamata ga duk wanda aka yi wa aiki. Yana da daga yau zuwa ranar ya gyara abin da ya ɓata. Ya ce in bari sai wani makon. Na ce Juma'a. Ya ce to, in sha Allahu zai yi mata bayani. Kullum da safe sai na tura masa, "Ka faɗa mata?" Amsa ɗaya ce, "Ina neman lokacin da ya dace."

Ranar Juma'a Umma ta dafa farfesun kaza, ni kuma na haɗa zoɓo da citta da kanumfari, sukari kaɗan saboda mai jinya. Budurwa ba ta zuwa gidan surukai ita kaɗai, Goggo kuma ta ce ƙafarta ba za ta taka ba tunda na kunyata ta. Sai Umma ta ce Jannat ta raka ni. Jannat ba ta san komai game da hoton ba. Ni na sani, na kuma hango abin da zai iya faruwa, amma ban ce a'a ba. Na sa leshina mai ruwan zuma da mayafi kalarsa, na shafa man kaɗena, ko hoda ban taɓa ba. Muka tsallaka zuwa cikin Yola bayan an sauko daga masallaci.

Gida ne babba na da, da zaure biyu da bishiyar mangwaro a tsakiya. Wata mata ta kai mu ɗakin Dada. Tana zaune a kan gado, ƙafa ɗaya miƙe a kan matashi, doguwar tsohuwa kyakkyawa da tabarau. Muka durƙusa muka gaishe ta, kanmu a ƙasa. Ta gyara tabarau ta dube ni, ta dubi Jannat. Sai fuskarta ta washe, ta yi magana da Hausarta ta Fulani.

"Yawwa! Bingel am, 'yata, zo nan, zo kusa da ni. Ai na gane shi tun daga ƙofa."

Ta miƙa hannu ta kamo Jannat ta zaunar da ita a bakin gado. Jannat ta zaro ido tana kallona, bakinta yana motsi, kunya ta hana ta magana. Dada tana shafa mata hannu tana sa albarka, ta ce a ɗauko turare da atamfar da ta ajiye a cikin akwati. Ni kuma ta nuna mini tabarma da haɓa, ta ce in ajiye kulolin a can gefe, ta ce useko, godiyarsu ta Fulani.

Ana cikin haka Mu'tasim ya yi sallama ya shigo, da sallaya a kafaɗa. Ya gan ni a tabarma. Ya ga Jannat a gado.

"Mu'tasim, ka iya zaɓe," in ji Dada. "Yarinyan ya fi hoton ma kyau."

Na ɗago kai na zuba masa ido, abin da ban taɓa yi a gaban manya ba. Ina roƙon Allah a ciki, don har a lokacin ina son ya ci jarrabawar nan. Ya buɗe baki.

"Dada…" Ya sunkuyar da kai. "Ya ƙafar? Kin sha maganin rana?"

Dada ta ce ta sha. Sannan ta juyo gare ni da fara'arta, irin wadda ake yi wa baƙon da aka manta da shi.

"Ke kuma, 'yata, me kike a wurin amarya?"

Na sake dubansa, na ba shi dama ta ƙarshe. Yana kallon zanen kafet. Jannat ta fara hawaye. Na gyara mayafina, na yi murmushi.

"Yayarta ce, Dada," na ce. "Rakiya na yo."